Allura da Dokin Sadaka

Ni da Kadirkul shekara ɗaya aka haife mu, a kwari ɗaya, don haka ina da izinin gaya masa abin da ko marigayiya matarsa ba ta taɓa gaya masa ba. Kurdash ke nan, wato sa'anka: ka ci masa mutunci a gaban baƙi, ya rama, a zuba shayi a ci gaba da hira. Na sha ce masa kansa ya fi duwatsun At-Bashi tauri, shi kuma ya ce ai gara nasa, nawa kan dusa ce a ciki. Da dariya muke yi. Sau ɗaya na faɗa masa ba da dariya ba, kuma labarin ranar zan ba ku.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Meder. Wata shekara muna jailo, tudun da muke hawa da dabbobi in ƙanƙara ta janye, sai ga Meder ya dawo daga Narin da wani abu naɗe a bargo, yana ta washe baki kamar wanda ya sato amarya. Ya kwance bargon a gaban ubansa. Bindiga ce gajera, siririya, da ɗan madubin hange ɗaure a bayanta.

"Ata, ɗaga ka ji," in ji Meder, don haka muke kiran uba.

Kadirkul ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya jinjina, sannan ya leƙa cikin bargon. "Ina sauran? Ko rabi suka sayar maka?"

Ya ɗauki harsashi ɗaya ya kai shi kusa da ido. Kwanson yana da ɗan ciki, amma ƙwayar da ke bakinsa ba ta kai kan yatsan jariri ba.

"Wannan ai allura ce. Kai wa kelin ta ɗinke maka wando."

Kelin ɗin, wato surukarsa Burul matar Meder, tana zuba mana shayi, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Allura ma ƙarfe ce, Ata," in ji Meder.

Sunan da ya bi bindigar ke nan. Har yara a jailo da Allura suka san ta.

Kadirkul yana da tasa, wadda ya gada a wurin ubansa, doguwa, mai nauyin ɗan rago. In ta tashi, karnukan kwari uku sai sun amsa, kuma wanda ya harba ta sai ya kwana yana shafa man tunkiya a kafaɗa. A wurinsa bindiga ke nan, sauran duk kayan wasa ne. Daga ranar uba da ɗa suka sami abin yin gardama, kuma ba su taɓa gajiya ba. A kan tabarmar cin abinci suke yi, a kan doki suke yi, har a gidan biki sai an raba su.

"Taka ta fi ƙarfi, ban musa ba," Meder yakan ce. "Amma kafin ka kai ta kan dutse ka gama mutuwa, numfashi sama-sama, hannu na rawa. Ni kuwa ina isa kamar sanda na riƙo. Ga shi taka tana shuri, shi ya sa kake rufe ido kafin ka ja kunama. Na gan ka."

"Ubanka ne yake rufe ido!"

"Shi nake nufi ai, Ata."

Ni nakan faɗi ƙasa don dariya, Kadirkul ya jefe ni da hula. Meder kuwa ba ya tsayawa.

"Harsashinka yana tafiya yana sunkuyawa, sai ka kintaci nisa, ka ɗaga bakin bindiga sama, ka bar wa Allah. Nawa gudu gare shi. Kafin ya tuna da faɗuwa ya isa. Inda na ɗora tsakiyar madubi nan yake shiga, kamar an ja zare. Dubi fatar dilan nan, nemo mini hudar. Da taka ce da rabin dila zan kawo gida."

"Dila da gafiyar dutse! Je ka harbi abu mai ƙashi ka dawo mu yi magana."

"Tana kayar da akuyar dutse, in an sa mata a inda ya dace. Kuskure ne kawai ba ta yafewa. Kai ko wuya. Kuma ba ta shiri da iska."

"Abin da iska ke kaɗawa ba harsashi ba ne, gashin kaza ne."

Ni dai na ci naman da kowacce ta kawo, ban ji bambanci a haƙori ba, lokacin da nake da haƙoran. Amma Kadirkul tun ɗagawar farko bai sake taɓa Allura ba. Ya yi rantsuwa ne ko girman kai ne, ban sani ba, a wurinsa duk ɗaya ne.

Sai kogi ya ci Meder. Yana ƙetarar da tumaki ne lokacin narkewar ƙanƙara, dokinsa ya yi tuntuɓe a tsakiyar ruwa. Dokin ya fita, shi bai fita ba. A can ƙasa wajen gada aka tsamo shi. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Dokin, Kashka sunansa, ja ne mai tabon fari a goshi, girman tafin hannu. Aka yi masa abin da ake yi wa dokin mamaci. Aka datse masa jela, aka cire linzami, aka sake shi. Ba mai hawansa, ba mai sa masa igiya, har shekara ta zagayo a yi ash, sadakar shekara. Ranar za a kawo shi ƙofar gida, a yi addu'a, a sa masa wuƙa, jama'a su ci don ladan ya kai ga mai shi. Ƙoƙon kansa kuma a kai shi a ɗora kan dutse mai tsawo, inda kare ba zai ja ba, ƙafa ba za ta tsallaka ba. Mu ba ma wasa da kan doki. Yaro in ya ɗaga bulala a fuskar doki, kowane babba da ke kusa yana da ikon marinsa, kuma uban yaron zai yi godiya. Ita kuwa Burul ta sa baƙi, ta zauna a cikin tanti kusa da rigar mijinta da aka rataye, fuskarta ga bango, ba ta fita sai da lalura. Ranar da aka yanka Kashka ne za ta cire baƙin.

Da muka sake hawa jailo, na lura dokin ba ya zama cikin garke. Da safe yana nan, da rana sai ka hango shi can sama shi kaɗai, a kan hanyar da Meder yake bi in za shi farauta.

Na ce, "Kurdash, ka sa wa dokin nan dabaibayi."

"Dokin mamaci? Tsufa ya fara taɓa ka, Jolcu."

"Ai ba hawansa na ce ka yi ba. Igiya ce a ƙafa. Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Na yi tsaki na bar shi. Me zan ce? Da ɗana ne, ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Saura 'yan kwanaki a yi ash, an aika wa dangi har na bayan tsauni, an kafa tantunan baƙi, mata suna ta suyar borsok, fankenmu na fulawa, a manyan tukwane, sai aka wayi gari ba Kashka. Samari suka bazu nema. Da yamma ɗaya ya dawo a sukwane, bai ko sauka ba ya ce an gan shi a kwazazzabon Tekelu, kuma gara mu zo mu gani da idonmu.

Washegari muka je. Tekelu tsaga ce a jikin tsauni, ruwa na ruri a ƙasanta, bango biyu a tsaye suna kallon juna. Kashka yana jikin bangon da ke hayi, a kan wani ɗan sarari da bai fi shimfiɗar salla uku ba. Samansa dutse, ƙasansa rami. Ana ganin sawun inda tsakuwa ta zame da shi daga hanyar awakin dutse. Yana tsaye da ƙafa uku, ta gaba ɗaya tana lilo daga gwiwa.

Ba mai maganar fito da shi, kowa ya san ba zai yiwu ba. Abin da ake nema a sa masa wuƙa kafin ya mutu, kada dokin sadakar Meder ya zama mushe. Samari suka zagaya ta sama da igiyoyin gashi, duk wanda ke jailo aka tattaro aka ƙulla. Ɗan ƙanen Kadirkul, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya ɗaura a ƙugu, ya sa wuƙa a takalmi, aka fara zura shi. Amma dutsen ya yi rumfa a saman sararin, sai ya zama yana reto a iska, nesa da bango, igiya kuma ta ƙare tun bai kai rabi ba. Ga bakin dutsen yana cin igiyar. Muna daga hayi muna kallon duwatsu na ɓallewa suna wuce kunnensa, suna faɗawa kusa da dokin.

Kadirkul ya sa hannu a baki ya ƙwalla ihu. "Ku ja shi! Ku ja shi, na ce! Ba zan yi sadaka biyu ba!"

Aka gwada ta ƙasa, ruwa ya hana. Aka gwada ta gefe, ba inda ƙafa za ta kama. Haka muka yini, maza cike da bakin kwazazzabo, kowa da shawara, ba mai abin yi. Ban taɓa ganin ƙarti sun zama banza kamar ranar ba, har da ni. Kafin la'asar hankaki sun fara sauka a bayan dokin, yana kaɗa guntuwar jelar da muka datse da hannunmu, ba ta kai su.

Da muka sauko aka kira moldo, malamin da ya zo don karatun ash. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce dabbar da ta faɗa inda wuƙa ba za ta kai ba, in aka ambaci sunan Allah aka harbe ta, jini ya zuba, ta mutu da wannan harbin, to ba mushe ba ce. Amma in ƙishi ya kashe ta, ko ta faɗo rami ta mutu, shi ke nan.

"Naman fa?" wani ya tambaya.

"Tsuntsaye ma bayin Allah ne," in ji moldo. "A yanka wani wa jama'a. Wannan dai a fitar da shi daga wahala, da sunan Allah."

Ba wanda ya tambayi wa zai harba. Dokin ɗan mutum, ba a miƙa wa wani. Kadirkul ya shiga tanti, na bi shi, ya miƙa hannu ga tsohuwar bindigarsa.

Na ce, "Da wace kafaɗar? Wadda ta goce bara? Kuma wa zai kai maka ita can, ni? Ko ka kai ta, a nisan nan da wane idon za ka auna? Ka sami gwiwarsa ko cikinsa, ƙarar ta firgita shi ya auka rami."

"To da me zan harba, da bakinka?"

Burul tana zaune a wurinta, fuska ga bango. Sai ta miƙe, ta sa hannu bayan rigar Meder, ta sauko da Allura a cikin bargonta. Ta ajiye a gaban surukinta, da ɗan ƙullin tsumma mai harsashi uku, iyakar abin da ya rage. Ba ta ɗaga ido ba.

"Ata, da sassafe, kafin iska ta tashi," ta ce a hankali. "Kuma yakan ce kai ko wuya."

Kadirkul ya tsaya yana kallon bargon.

Gari na wayewa muka tafi mu biyu, ya hana kowa biyo mu. Mun bar dawakai a inda hanya ta ƙare, muka hau da ƙafa, don sai mun kai wani ƙunci, 'yar siririyar gaɓar dutse, da ke daidai da sararin. Ni ina haki kamar tsohon zuga-zugi, ina tsayawa ina zagin gwiwoyina. Shi kuwa yana gaba, Allura a kafaɗa, ko canza mata gefe bai yi ba. Bakina ya yi ƙaiƙayin in ce masa ashe kamar sanda ce, amma na haɗiye.

Muka kwanta rub da ciki a bakin ƙuncin. Ba iska ko kaɗan, ciyawa a tsaye cak. Ni da idona mai yana, abin da nake gani jan abu ne a jikin dutse da ɗigon fari a gabansa. Kadirkul ya naɗe hularsa ya ɗora bakin bindigar a kai, ya kafa ido a madubin, sai na ji ya ja numfashi.

"Kamar in taɓa shi," ya ce. "Har ƙudajen da ke idonsa ina gani. Hankaki sun fasa masa baya, Jolcu."

"To yi sauri. Ga farin can, shi za ka auna."

Na ga ya karkatar da bakin bindigar gefe.

"Kurdash, goshi na ce."

"Ban taɓa bugun kan doki ba tun da aka haife ni. Ba zan fara da na Meder ba."

"To wuya."

"Wuyan ma kai ne. In ya motsa fa, in fasa masa muƙamuƙi? Bayan kafaɗa zan sa masa, inda ake sa wa kowace dabba. Zuciya tana nan."

"Da taka ake wannan! Wannan ba za ta ratsa ƙirjin doki a nisan nan ba. Ka ji yaron da bakinsa, ka ji matarsa jiya. Kadirkul, don Allah. Kanka dutse ne, kuma yau ba wasa nake ba."

Bai ko juyo ba. Na ji ya yi bisimilla, sai ƙara, 'yar ƙarama, kamar an karya busasshen ice.

Inda ya auna nan ta shiga, wannan kam ba shakka. Amma Kashka bai faɗi ba. Ya zabura, ya yi wani kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba, ya dafa karyayyar ƙafar, ta lanƙwashe, ya tafi luu har bakin ramin. Tsakuwa ta zube ƙasa. Na rufe fuska da hannu. Da na buɗe ya ja da baya da ƙyar, yana karkarwa.

"Goshi!" na yi ihu.

Amma hannun Kadirkul ya riga ya ja ƙarfen ya tura na biyu, kuma mutum in ya ruɗe abin da ya saba yake komawa. Ya sake sa masa a wuri ɗaya. Dokin ya durƙushe a kan gwiwa, ya sake miƙewa, sannan ya juya ya cusa kansa cikin wata tsaga a jikin bango, ya ba mu baya. Muna jin numfashinsa har inda muke, yana fita da gurnani.

Saura harsashi ɗaya. Rana ta fara leƙowa cikin kwazazzabon, na ga kan ciyawar da ke gabana ya soma rawa. Nan da ɗan lokaci iska za ta taso daga ƙasa kamar kullum, daga nan kuma sai gobe, in dokin ya kai goben a kan sararin.

Kadirkul ya kifa goshi a gindin bindigar. "Na cuce shi," ya ce. "Na cuce shi, Jolcu."

"Ka cuce shi. Yanzu ka kira shi ya juyo."

Muka yi ta kira, Kashka, Kashka, muka jefa duwatsu cikin rami, ko kunne bai kaɗa ba. Akwai fito guda da yake amsawa, wanda Meder yake yi masa, gajeru biyu da dogo ɗaya mai hawa sama. Kadirkul ne ya koya wa Meder tun yana ƙarami. Ya tattara leɓe zai yi, sai iska kawai ta fito. Ya lashe baki ya sake, leɓen na rawa, ba abin da ya fito. Ya dube ni. Ni da ba ni da haƙori ko ɗaya a gaba, na gwada duk da haka, na fesa yawu a gemuna. Tsofaffi biyu kwance a kan dutse suna hura iska, doki na mutuwa a gabansu. Da wani ya ba ni labari da na yi dariya.

Sai muka ji tsakuwa ta motsa a bayanmu. Burul ce, cikin baƙinta, gefen rigar ya yage, tafin hannunta duk ƙurji. Matar da ta shekara ba ta wuce bakin tanti ba. Ashe tun fitowarmu take bin sawunmu, ta tsaya wajen dawakai, da ta ji harbi na biyu ta hawo.

Kadirkul ya buɗe baki, na san faɗa zai yi, amma ba ta ba shi dama ba.

"Ata, ka sa ido a madubi."

Mace ba ta yin fito a wurinmu, balle mai takaba, balle a gaban surukinta. Ta durƙusa kusa da shi, ta sa yatsu biyu a baki. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Da na rufe ido da na rantse Meder ne a bayana. Fiton ya bugi bangon hayi ya dawo.

Kashka ya zaro kansa daga tsagar. Ya juyo a hankali, yana jan ƙafa, ya miƙe kunnuwa gaba. Ya dubo mu sosai, ya yi 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ya hango mai shi da jakar sha'ir. Farin goshin ya tsaya cak yana fuskantarmu.

"Bismillahi, Allahu akbar," in ji Kadirkul.

Ƙaramar ƙarar nan ta sake fita. Dokin ya zube a inda yake tsaye, kamar an zare masa ƙafafu, bai ko shura ba.

Iska ta taso, ta fara kaɗa mayafin Burul. Ita ta fara tashi, ta karɓi bindigar daga hannun surukinta, don ya kasa sakinta da kansa, ta rataya, ta kama masa hannu muka sauko. Ban zage shi ba a hanya.

An yi ash. An yanka wata goɗiya daga garken, jama'a sun ci, moldo ya yi karatu, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa dokin Meder da sunan Allah ya tafi. Tsofaffin mata suka cire wa Burul baƙi. An ɗan yi gunaguni a kan fitarta, har da maganar fito, amma Kadirkul ya ɗaga kai ya dubi masu yi, maganar ta mutu a nan. Da kaka ta yi danginta suka zo suka tafi da ita, da albarkarsa. Ta bar Allura rataye a inda take.

Da muka sake hawa jailo, wata safiya ya ce in raka shi Tekelu. Muka hau ƙuncin nan, yana gaba ina baya ina zagin gwiwa. Ungulu da ƙanƙara sun gama aikinsu. Ƙasusuwan sun zube rami, amma ƙoƙon kan yana nan a kan sararin, fari fat, har ni mai yana ina hango shi.

Na ce, "To ga shi a sama. Duk kwarin nan ba dokin da aka ɗora kansa a wuri mai tsawon wannan. Kare ba zai ja ba, ƙafa ba za ta tsallaka ba."

Na faɗa ne don ya ji sanyi. Ya gyaɗa kai kawai. Ya zo da Allura, ba harsashi, don madubin. Ya kafa ido a ciki, ya leƙa ƙoƙon.

"Hudar ma sai ka nema. Ƙashin bai ko tsage ba."

"Haka yaron ya ce."

"Duk abin da ya ce haka ne. Ba ta da nauyi. Ba ta sunkuyawa. Inda ka ɗora nan take shiga." Ya sauke bindigar a cinya. "Da na ce masa haka ko sau ɗaya, me zai ragu a jikina?"

Ya shafa madubin da babban yatsa.

"Kuma gaskiyarsa ne, ina rufe ido," ya ce. "Shekara da shekaru ina rufewa, in buɗe in ga dabba a kwance. Wannan ba ta shuri, Jolcu. Ban rufe ba. Yana kallona, yana neman Meder, kuma na ga komai."